Rigar da Ba Ni Na Buga Ba

Sati uku ke nan ban rubuta muku komai ba, kuma duk na ga saƙonninku. Wata ta ce ko an ɗaura ne na manta da ku. Wata ta ce dama haka masu saurayi ɗan ƙwallo suke, da sun ji ƙamshin daɗi sai su ɗauke ƙafa. Ke kuma da kika rubuta "Allah ya ba mu irin sa'arki", ki janye addu'arki tun da wuri, ban yi miki fatan ta karɓu ba. Ku gyara zama. Abin da zan faɗa yau ba zai sa ku so ni ba, ni ma tun ranar ban ƙara kallon madubi da daɗin rai ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ma'aikaciyar sito ce a wani kulob na ƙwallon kwando. Kada ku ji "kulob" ku zata ina ofis mai sanyi. Ɗakin aikina yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, ba taga, sai injin wanki uku da kantoci cike da tawul, da warin takalman maza da ko turaren duniya ba ya kashewa. Ni ke wanki, ni ke ninki, ni ke ba ƙwallaye iska, ni ke buga suna da lamba a bayan riga. Shekara biyu ina yi a ƙarƙashin wani dattijo da kowa ke kira Baba Sito, wanda aka ce ya riga kujerun filin zuwa wurin.

Kulob ɗinmu kuwa gini yake yi. Haka Manaja ke cewa duk ranar da aka lallasa mu: "Muna gini, a yi haƙuri." Bara aka sayar da manyan 'yan wasanmu huɗu, bana kyaftin ya bi bayansu. Wasa talatin muka buga a kakar da ta wuce, bakwai muka ci. Magoya baya har waƙa suka yi wa ginin, suna tambaya yaushe za a kai linta. Abin da ya rage mana sai yara goma sha takwas da aka tara a sansani, kowanne uwarsa na gida tana yi masa azumi, kuma goma sha biyu kawai za a ɗauka. Akwai Falwaya, wanda ke taɓa kwando ba tare da ya yi tsalle ba, amma in ka miƙa masa ƙwallo sai ya cafe ta da fuska. Akwai Ɗan Makaranta, ɗan shekara sha tara, gudu kamar an kunna masa wuta, sai dai bai taɓa jin labarin wani abu wai shi tsaron gida ba. Jaridu kullum cikin jera su suke, wane zai zama tauraro, wane ba zai kai ba, kamar masu zaɓen kaji a kasuwa.

Sai nawa. Bahago suke ce masa, don da hagu yake jefa ƙwallo. Shekararsa ashirin da uku, lamba goma sha huɗu, kuma yanzu da manya suka watse shi ne ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin. Ba shi ne mafi tsawo ba, ba shi ne mafi tsalle ba. Amma in yana fili kowa ya san inda zai tsaya. Ni dai ba da ƙwallo ya sace ni ba. Duk cikinsu shi kaɗai ne ke juya safarsa ya ninke rigarsa mai gumi kafin ya sa a kwandon wanki, ya kuma ce "sannu da aiki". Ku yi dariya in kuna so. Wadda ta yi shekara tana tsince ƙazantar maza goma sha takwas a ƙasa ta san abin da nake nufi.

A gida kuwa, kun san yadda muke ciki. Abba bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi, "Ba na ba da 'yata ga wanda aikinsa ke rataye a bakin wani. Ya kawo min takarda a rubuce, mai shekaru, sannan manyansa su zo mu gaisa." Kwantiragin Bahago ya ƙare da kakar da ta wuce. Ran Juma'a da ƙarfe biyar hukumar wasan ke rufe rajista, a lokacin kowane kulob ke fitar da sunayen 'yan wasansa. Abba ya ce in an dace, Asabar su zo.

Yayana, mai shagon magani, shi kam abin nema ya samu.

"Auta, wai in an cire shi me zai koma yi?" Haka ya tambaye ni muna karyawa ran Litinin, yana shafa bota a burodi kamar mai fentin gida. "Canza ƙwan fitila? Ai tsawon zai yi amfani."

"Kai dai ka ci abincinka," in ji Mama. Amma ita ma ba ta kalle ni ba. Tun sati biyu ta sauya labulen falo, ta sa an wanke kafet, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai ga manyan baƙi. Duk sanda ta wuce ta gefensu sai ta ɗan tsaya, kamar tana tambayarsu ko za a yi amfani da su.

Yanzu ku saurara, ga inda abin yake. A kulob ɗinmu, kafin 'yan wasa su san makomarsu, sito ke fara sani. Dole a buga riguna kafin ranar sanarwa, don haka kwana uku kafin nan ake kawo takardar sunaye a rufe a ambulan. Shekara talatin Baba Sito ke karɓar ta, ya kulle ƙofa, ya buga rigunan shi kaɗai, ya zuba su a akwati ya sa kwaɗo. Ko matarsa ba ta taɓa jin suna ɗaya daga bakinsa ba. To bana sai aka sa masa ranar aikin ido ran Litinin ɗin nan. Kafin ya tafi ya damƙa min makulli ya ce, "'Yata, takardar nan amana ce. Idonki ya gani, bakinki bai gani ba."

Na ce, "Haba Baba, sai ka ce yau ka san ni."

Talata da hantsi sakatariyar Manaja ta sauko da takalminta mai tsini, tana toshe hanci, ta miƙo min ambulan, na sa hannu a littafi. Na kulle ƙofa. Na kashe injin wanki don in ji numfashina. Na buɗe.

Ban karanta daga sama ba, wa zai tsaya wannan? Lamba goma sha huɗu idona ya nema. Na same ta. Sunan da ke gabanta ba nasa ba ne, na Ɗan Makaranta ne.

Na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Na juya bayanta. Na leƙa cikin ambulan kamar suna na iya maƙalewa a kusurwa. Suna goma sha ɗaya ne, babu nasa. Gurbi na sha biyu kuwa ban ko tsaya tunani a kai ba, don wata guda ke nan kowa na maganar wani dogo da za a kawo daga waje, na ce nasa ne, ana jiran takardunsa. Sai komai ya faɗo min a jere. Sati uku Koci, mai horar da su, yana ajiye Bahago a benci a wasannin gwaji. In wani ya yi kuskure, Bahago ake yi wa tsawa. In Falwaya ya tsaya ba daidai ba, Bahago ake tambaya me ya sa. Ashe sallama ake yi masa a hankali.

Na kunna injin buga suna. Ga yadda ake yi: ki shimfiɗa riga, ki jera haruffa, ki danne da murfi mai zafi, ki ƙirga goma sha biyar, ki ɓare ledar. Da hannun nan nawa na jera sunan wani a saman lambar da na yi shekara biyu ina wankewa daban da ruwan sanyi don kada ta koɗe. Na ƙirga goma sha biyar ina kuka. Wallahi ko karkacewa sunan bai yi ba, ya fito tsaf, abin haushi.

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Saƙon Bahago ne.

"Gimbiyar tawul, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Na ga ledarki a kan firij tun safe. Yau na jefa ɗari biyu, ɗari da saba'in sun shiga. Ki gaya wa Yaya ya kai ɗinkin rigar biki."

Na tura masa fuskar dariya. Ni da ke zaune a kan buhun tawul ina share majina da bayan hannu.

Da a nan abin ya tsaya, da na iya riƙe bakina, na rantse. Amma akwai wata magana. Wani kulob na rukuni na biyu, can wani gari mai tafiyar yini guda a mota, ya yi wa Bahago tayin shekara biyu. Filinsu ko rufin kirki babu, 'yan kallonsu ba su cika benci uku ba. Wakilinsa ya dame shi ya karɓa, sun kuma ba shi zuwa Alhamis da azahar, don su ma su samu yin rajista. Shi kuwa ya riga ya ce min ba zai je ba. "Ina aka taɓa barin sama a koma ƙasa? Nan na sha wuya, nan zan ci daɗi."

Kun gani? In na yi shiru, Alhamis ta wuce, Juma'a a ce babu shi, ya tashi ba nan ba can. Shekara guda a gida ga ɗan wasa, ai an gama da shi. Haka na yi ta faɗa wa kaina. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙara muku da sauran: na kuma tuna kofunan Mama, da bakin Yaya, da takardar da Abba ke jira. Takarda ai takarda ce, ko daga wane rukuni ta fito. Ba don shi kaɗai na yi ba, kada wata ta yi min kwalliya a ƙarƙashin rubutun nan.

Na ɗauki waya zan kira Baba Sito, na tuna yana kwance da bandeji a fuska, na ajiye. Me ma zan ce masa? Baba, ka ba ni izini in ci amanarka?

Laraba bayan atisayen safe kowa ya shige wanka, Bahago ya tsaya jifa kamar kullum. Filin ba kowa, sai ƙarar ƙwallo da kukan takalminsa a katako. Na fito da tawul a kafaɗa, na tsaya a ƙarƙashin kwando. Ya jefa, ta shige ko ƙarfen ba ta taɓa ba, na cafe na riƙe.

"Miƙo mana, ko kin koma ɓangaren abokan gaba?"

"Ka kira wakilinka," na ce. "Ka karɓi tayin nan."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu. Ban saki ƙwallon ba. Dariyar ta tsaya masa a rabi.

"Takardar ta zo?"

Na ɗaga kai.

"Kin gani da idonki?"

"Ni na buga rigunan."

"Sha huɗu fa?"

"An ba Ɗan Makaranta."

Ban taɓa ganin mutum mai tsawo haka ya ƙanƙance a tsaye ba. Ya kalli kwandon, ya kalli kujerun da babu kowa, ya goge fuska da gefen rigarsa ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke idonsa ya yi ja.

"Shekara uku," ya ce. "Da yatsa a karye na buga musu wasa tara. Yaron nan ni na koya masa ɗaure takalmi yadda ba zai gurɗe ba."

"Don Allah kada ka ce komai. In aka san na faɗa, aikina ya tafi."

"Ba wanda zai ji sunanki a bakina." Ya karɓi tawul ɗin, ya ninke shi huɗu ba tare da ya yi amfani da shi ba, ya mayar min. "Na gode. Da na zauna kamar wawa har Juma'a."

Alhamis da safe ya sa hannu. Hoton takardar ya turo min, da alƙalami a kai. Na zaci shi ke nan, zai sulale ya kwashe kayansa ba hayaniya. Na manta cewa mai haƙuri in ya fashe ba ya duba gabansa.

Da la'asar ina turo keken ƙwallaye zuwa fili, na gan shi ya shigo da kayan gida, wando da farar riga, jaka a kafaɗa. Yara suna tsakiyar atisaye. Koci, dattijo mai furfura da usur a wuya, ya juyo.

"Ka makara minti arba'in. Ina kayanka?"

"Na zo sallama ne."

Ƙwallaye suka daina bugawa ɗaya bayan ɗaya.

"Na sa hannu a wani wuri," in ji Bahago, muryarsa tana kaiwa har kujerun sama. "Na hutar da kai. Ba sai ka tsaya gobe kana karanto min jawabin gini ba. Shekara uku kana zagina a gaban yara, laifin kowa ni ke ɗauka, ashe kana jira ne ka cire min riga ka ba wanda bai iya tsare ko ƙofar ɗakinsu ba. Da ka kira ni ka faɗa min ido da ido, da na ce kai dattijo ne." Ya juya wajen sauran. "Ku kuma ku buɗe idonku. Nan ba gini ake ba, kiwo ake. In kun yi ƙiba a sayar, in ba ku yi ba a yar."

Ɗan Makaranta ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Ni kuwa na ƙanƙame keken ƙwallaye. Koci bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya cire usur daga wuya, ya naɗe igiyar a hannu.

"Wa ya ce maka an cire ka?"

"Ba ruwanka."

"Na ce wa ya faɗa maka?"

"Bango," in ji Bahago. Ya juya ya fita. Ya wuce ta gabana ko kallona bai yi ba, don ya kare ni. A ranar har alfahari na yi da shi, ku ji fa.

Juma'a da safe na tarar da ƙofar sito a buɗe. Baba Sito na zaune a kujerarsa, ido ɗaya a rufe da auduga, baƙin tabarau a goshi. Likita ya ce ya kwanta sati guda, shi kuwa ya ce bai taɓa fashin ranar sanarwa ba, ba zai fara da tsufa ba. A kan tebur ga wani farin kwali ɗaure da zare.

"Tela ya aiko," ya ce. "Buɗe min, hannuna bai saba da ido ɗaya ba."

"Wane tela, Baba?"

"Mai ɗinka rigar kyaftin mana."

Na tsinke zaren. Na ɗaga takardar da aka lulluɓe ta da ita. Riga ce irin tamu, lamba huɗu. Amma ba bugawa aka yi ba, ɗinki ne, harafi bayan harafi da zare mai ruwan zinariya. Sunansa ne. Sunan Bahago.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin siminti.

"Rigar kyaftin ba ta bi ta injinmu," Baba Sito ke cewa, bai lura ba tukuna. "Tun kafa kulob ɗin nan lamba huɗu ta kyaftin ce, kuma a waje ake ɗinka ta, daga ofis ake aikawa kai tsaye. Shi ya sa ba a sa sunansa a takardarmu. Ke ba ki taɓa ganin an canza kyaftin ba, ko? Ai tun da kika zo mutum ɗaya ne."

Shekara biyu ina wanke rigar tsohon kyaftin. Na sha ganin ɗinkin. Na ɗauka iyayinsa ne, irin na manyan 'yan wasa. Ban taɓa tambaya ba, sau ɗaya ban tambaya ba.

Baba Sito ya juyo da lafiyayyen idonsa ya dube ni a ƙasa. Ya daɗe yana dubana. An riga an ba shi labarin jiya a bakin ƙofa, sai yanzu ya haɗa.

"Kai, 'yata," ya ce a hankali. "Da kin kira ni."

Kafin in buɗe baki muka ji takun mutane. Na miƙe na juya baya ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Koci ne da Manaja. Koci ya ɗauki rigar ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana kallo.

"Sati uku ina gasa shi," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na ajiye shi a benci in ga ko zai ci gaba da gyara wa yara tsayuwa daga can. Ya yi. Na ɗora masa laifin wasu in ga ko zai tona su. Bai tona ba. Kwana ɗaya ya rage."

"A warware sunan," in ji Manaja. "Kuma mutum huɗu ne suka san takardar nan. Duk wanda na gano, ko wane ne, ranar zai bar nan."

"Kada a taɓa rigar tukuna." Koci ya mayar da ita kwali. "Mai kulob ɗin can tsohon ɗalibina ne, na yi magana da shi. Ba zai kai sunan yaron hukuma ba sai ƙarfe biyar. In yaron ya dawo da bakinsa kafin nan, za a yaga takardar. Zan kira shi da la'asar, in ya huce. Ya ɗauka, ya zo ya ba yara haƙuri, ya faɗa min wanda ya zuba masa wannan guba, ya sa rigarsa. Amma ba zan rubuta wa yaro saƙo ina lallashi ba, kuma ba na aike. In bai ɗauka ba, ya zaɓa."

Da suka fita Baba Sito ya laluba ya kamo hannuna. "Ni ban ga komai ba, ido ɗaya gare ni. Amma ki kira shi. Ki faɗa masa da bakinki, yanzu."

"To, Baba."

Na ce to. Na fita da waya a hannu har bakin titi. Na buɗe sunan Bahago na rufe ya fi sau goma. Me zan ce? Ka tuna zagin da ka yi wa dattijon nan a gaban yara? Ka tuna ka ce kiwo ake? To so ya yi ya naɗa ka kyaftin, ni ce ban iya karanta takarda ba. Na hango fuskarsa in ya ji. Ba faɗa zai yi ba, na san shi. Shiru zai yi, ya ce ba komai, daga nan duk ranar da ya kalle ni abin da zai gani ke nan. Na ce bari in isa gida in nutsu tukuna.

Ƙarfe uku na shiga gida na tarar da falo na ƙamshi. Ashe Bahago ya riga ya aiko wa Abba kwafin takardarsa ta hannun kawunsa. Abba na zaune da tabarau a karan hanci yana bin ta layi-layi.

"Shekara biyu, da wurin zama," ya ce. "To, wannan magana ce. Garin da nisa, amma aiki aiki ne. Su zo goben."

Mama ta saki guɗar da ta daɗe tana riƙewa, ta rungume ni har mayafina ya zame. Ta riga ta fito da doguwar rigata ruwan zuma ta rataye a ƙofar ɗaki, an goge, da takalmin da ya dace da ita a ƙasa. Yaya ya taɓe baki ya ce, "Rukuni na biyu. To Allah ya sa kada a ƙirƙiro na uku saboda shi." Ko shi ɗin murmushi yake.

Duk abin da na yi shekara ina roƙo, ga shi an zuba min a cinya. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, ina kallon rigar nan a rataye.

Huɗu da kwata saƙon Bahago ya shigo.

"Kawu ya ce Abba ya amince!!! Kin ga aikinki? Ba don ke ba da yau ina zaune ina jiran a karanta min sunayen wasu."

Na ci gaba da kallon rigar. Huɗu da minti ashirin da biyu, wani saƙon ya shigo.

"Ikon Allah. Koci ke kirana."

"Ya sake kira. Me kuma yake nema, bai ƙoshi da jiya ba?"

"Ina jin so yake ya matsa min in faɗi wanda ya gaya min. Ba na so in yi masa ƙarya, ba na kuma so in jefa ki a matsala. Ke za ki yanke. In kin ce in ɗauka, in ɗauka. In ba ki ce ba, ya yi ta kira har batirinsa ya mutu."

Na rubuta "Ɗauka." Kalma ɗaya. Ina kallon ta a cikin akwatin rubutu, babban yatsana a saman alamar turawa. Daga falo ina jin Mama tana waya da Goggo, tana cewa a zo da wuri gobe, a taya ta jera kujeru. Agogon wayar ya nuna huɗu da rabi. Daga gidansu zuwa fili minti goma ne a babur, na sani, na sha lissafawa.

"Auta!" Mama ta ƙwala min kira. "Zo ki yanka min albasar nan, hannuna ya cika."

Ba wanda ya tilasta ni. Da na ce tana zuwa, da ta jira. Na goge kalmar harafi bayan harafi, na kifa wayar a kan filo, na tafi kicin. Albasa shida na yanka, ƙanana-ƙanana, yadda ban taɓa yi ba. Mama ta ga hawaye na zuba ta ce in matsa kusa da taga. Agogon bangon kicin yana saitin fuskata, na ga dogon hannun ya hau tara, ya hau goma, ya hau sha ɗaya. Na wanke wuƙa, na wanke katako, na goge hannu a tsumma.

Biyar da minti goma na koma ɗaki na juya wayar.

"Yi haƙuri, ina kicin ne," na rubuta.

Nan take ya amsa, kamar yana riƙe da wayar tun ɗazu.

"Ba komai, gimbiyata. Ya ma daina kira. Allah ya bar min ke."